Tafiyar Sallah: Sauƙin Da Shari'a Ta Yi Wa Matafiyi Da Mai Ƙaramin Rauni

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

A wata Babbar Sallah ta kwanan nan, mun tashi daga Kaduna ranar jajibiri mu bakwai a mota ɗaya: ni da yayana da iyalinsa, da ɗan ƙanwarmu wanda yake karatu a jami'a. Ƙauyenmu muka nufa, gaba kaɗan da Malumfashi. Cunkoso ya riƙe mu a Zariya, taya ta yi faci kafin Funtuwa, tafiyar da muka saba yi cikin awa huɗu ta cinye mana wuni. Abubuwa biyu suka faru a wannan zuwan. Dukansu ƙanana ne, amma har yau ina juya su a raina.

Na farko a Funtuwa ne, inda muka tsaya wajen ƙarfe biyu da rabi. Ƙaramar 'yar yayana ta yi amai a hanya, ya ɓata wa ɗalibin nan wando. Muka ɗauki buta, shi kuwa ya tsaya jingine da mota. Na ce ya zo mu yi salla, sai ya ce, "Kawu, ai jikina babu tsarki, jakata kuma tana can ƙarƙashin kaya. Idan mun isa gida na rama." Ba mu isa ba sai bayan magariba. Azahar da La'asar suka wuce shi a kan abin da rabin ledar ruwa zai wanke.

Na biyu washegari ne. Yayana yana fiɗar rago wuƙa ta zame, ta yanke shi a babban yatsa. Aka wanke masa a kemis, aka ɗaure. Sai ya zama duk lokacin salla ya kwance bandejin ya zuba ruwa a kan yankan, ya mayar da shi a jiƙe. Na ce, "Yaya, ai shafa a kai ta wadatar." Ya ce zuciyarsa ba ta natsuwa sai ya ji ruwa ya taɓa fata. A rana ta uku yatsa ya kumbura ya tara ruwa, muka ƙare a asibiti.

Su biyun nan masu kula da addini ne. Ɗaya ya bar salla don ya zaci sharaɗinta ya gagare shi, ɗayan ya cutar da jikinsa don yana ganin karɓar sauƙi rage lada ne. Abin da ya kuɓuce musu yana nan a littattafan da ake karantawa a zaurukanmu, daga Ahalari da Ishmawi zuwa Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani da Mukhtasar na Shehu Halilu. Mukan karanta babin kasaru da na taimama da na haɓo muna yara, mu ajiye su kamar hukuncin wasu mutane ne na wani zamani. Alhali don irin wannan ranar aka rubuta su: ranar da mota ta lalace, wuƙa ta zame, ciki ya ɓaci. Hukuncin da za a kawo a nan bisa mazhabar Malikiyya ne, wadda akasarin mutanenmu suka tashi a kanta.

Yanayin da Sallah ke zuwa a cikinsa

Shekarar Musulunci ta gaza ta Miladiyya da kwana 10 zuwa 11, shi ya sa Sallah take zagaya dukkan yanayin shekara cikin kimanin shekara 33. A 2007 an yi Babbar Sallah a watan Disamba, cikin hunturu. A 2015 ta faɗo a ƙarshen Satumba, ana shirin kaka. A 2024 ta kama ranar 16 ga Yuni, a 2025 kuma 6 ga Yuni. Ma'ana, a shekarun da ke tafe za ta riƙa ja da baya zuwa Mayu da Afrilu, tsakiyar bazara ke nan, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maiduguri. Ƙaramar Sallah kuwa, wadda aka yi ranar 30 ga Maris a 2025, ta doshi Fabrairu da Janairu, watannin ƙura da bushewar hanci. Iyalin da ke shirin tafiya ya kamata su san wane yanayi za su tarar.

A tafiyar bazara, abin da ya fi kayar da mutane shi ne ƙarancin ruwa a jiki. Da yawa, musamman mata, sukan ƙi shan ruwa don riƙon alwala ko don gudun neman makewayi a hanya. Sai jiri ya biyo baya, da ciwon kai da kasala, fitsari ya ragu ya yi duhu. Wanda ya kai haka a kai shi inuwa, a sassauta masa tufafi, a jiƙa masa jiki, a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. Idan ya fara ruɗewa ko sambatu ko ya suma, to lamarin ya wuce na gefen hanya, sai asibiti mafi kusa.

Shari'a ba ta nemi kowa ya zauna da ƙishirwa don alwala ba. Idan ruwan da ke hannu bai wuce na sha ba, kuma ana tsoron ƙishirwa mai cutarwa ga kai ko ga abokin tafiya ko ma ga dabbar da aka ɗauko, to ruwan na sha ne, salla kuma a yi ta da taimama. Asalin wannan yana cikin aya ta 6 ta Suratul Ma'ida. Mutum ya yi niyya, ya buga tafukansa a ƙasa mai tsarki ko dutse, ya shafi fuska, ya sake bugawa ya shafi hannuwa zuwa gwiwar hannu. Ana yin ta ne bayan lokaci ya shiga, kuma kowace farilla da tata taimamar.

Haka nan azumin ranar Arfa, wanda yakan dace da ranar tafiya. Falalarsa babba ce, amma nafila ne. Direban da zai wuni a kan sitiyari cikin rana da rayukan mutane a bayansa, ya auna ƙarfinsa tun da dare kafin ya ɗaura niyya.

Kasaru da haɗa salloli

An ambaci kasaru a aya ta 101 ta Suratun Nisa'i tare da halin tsoro. Imamu Muslim ya ruwaito cewa Sayyidina Umar ya yi mamakin yadda ake ci gaba da yin ta bayan an samu aminci, da ya tambayi Manzon Allah (SAW) sai aka sanar da shi cewa kyauta ce daga Allah da ya kamata a karɓa. A wajen Malikawa sunna ce mai ƙarfi, wadda yin ta ya fi barin ta.

Nisan da ke halatta ta baridi huɗu ne, wato mil 48 na lissafin magabata, wanda malaman zamani suka ƙiyasta da kilomita 80 da 'yan kai. Mai zuwa Kano daga Kaduna ya shiga ciki, haka mai zuwa Katsina daga Kano, haka wanda ya hau jirgin ƙasa daga Idu a Abuja zuwa Rigasa a Kaduna, layin da tsawonsa ya kai kilomita 186. Mai zuwa Wudil daga Kano kuwa bai kai ba. Azahar da La'asar da Isha'i ne ke komawa raka'a biyu-biyu, Magariba da Asuba suna nan yadda suke. Ana farawa ne bayan an wuce gidajen gari. Matafiyin da ya bi liman mazaunin gida sai ya cika tare da shi.

Inda aka fi ruɗewa shi ne bayan an sauka. Wanda ya shiga garin da yake zaune, ko garin da matarsa take, ya gama kasaru ko da kwana ɗaya zai yi. Wanda ya sauka a wani gari da niyyar zaman kwana huɗu cikakku, masu ɗauke da salloli 20, shi ma cikawa zai yi tun daga isarsa. Ɗalibin da ya dawo gidan iyayensa hutu ba shi da kasaru. Amma ma'aikacin da ya tare a Abuja da iyalinsa, ya zo gaishe da dangi na kwana biyu ya juya, yana da ita.

Haɗa salloli biyu a lokaci ɗaya wani sauƙi ne daban, kuma a tafiyar ƙasa ba a sharɗanta masa nisan kasaru ba. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Manzon Allah (SAW) ya haɗa salloli a tafiyar Tabuka. Idan lokacin Azahar ya shiga kuna tsaye a wani wuri, kuma kun san ba za ku sake sauka ba sai bayan faɗuwar rana, sai ku yi Azahar ku bi ta da La'asar nan take. Abin da muka yi ke nan a Funtuwa. Idan kuwa lokacin ya shiga mota tana gudu, kuma za a tsaya kafin rana ta yi fatsi-fatsi, sai a jinkirta Azahar a haɗa ta da La'asar a can. Haka Magariba da Isha'i. Raka'a huɗu a haɗe ba su cin minti goma. Fasinjan motar haya ya yi wa direba maganar tsayawa tun a tasha, cikin ladabi, kafin a ɗau hanya. Tsayawar alheri ce ga direban ma, domin zai miƙe ƙafa ya wanke fuska, gyangyaɗi ya sake shi. Idan kuma tsautsayi ya gitta, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tana da lambar kiran gaggawa, 122.

Amai da barci a mota

Yara da masu juna biyu sun fi fama da tashin zuciya a mota. Zama a gaba ko kusa da taga, da kallon nesa, da barin duba waya, da rage abinci mai maiƙo kafin a tashi, duk suna taimakawa. A riƙe leda da tsumma da tufafin canji a kusa da hannu, kada a cusa su a but.

Amai ba ya karya alwalar wanda ya yi shi a mazhabar Malikiyya, balle ta wanda ya zubar wa. Idan ya fito bai sauya daga kamannin abinci ba, mai tsarki ne. Idan ya sauya, najasa ne, kuma abin da ake nema shi ne a wanke gurbin da ya taɓa kaɗai. Kawar da najasa wajibi ne ga wanda ya tuna kuma yake da iko. Wanda ba shi da ruwa, ba shi da wata tufa, lokaci kuma zai fita, ya yi salla da kayan da ke jikinsa. Babu inda aka ce ya bar ta sai ya isa gida. Wanda barci ya ɗauke ko ya manta shi ne mai uzurin barin ta har ya rama.

Barci mai nauyi yana karya alwala, mara nauyi ba ya karyawa. Alamar mai nauyi ita ce abu ya faɗi daga hannun mutum bai sani ba, ko a yi magana kusa da shi bai ji ba. Wanda waya ta suɓuce daga hannunsa a mota sai ya sake alwala.

Wuƙa da wuta

Safiyar layya rana ce ta wuƙaƙe masu kaifi a hannun mutanen da ba sana'arsu ba ce. Idan an yanke, a danna wurin da tsumma mai tsabta na minti goma ba tare da ɗagawa ana leƙawa ba, a ɗaga hannun sama, sannan a wanke da ruwa mai tsabta a rufe. Kada a zuba toka ko ƙasa ko man birki. Idan yankan ya buɗe baki, ko jini ya ƙi tsayawa, ko yatsa ya daina motsi ko ya mutu da ji, to ɗinki yake so, kuma a ranar. Wuƙar da ta taɓa ƙasa da kashin dabba tana iya ɗaukar ƙwayar cutar tetanus mai sarƙe haƙora, don haka a tambayi ma'aikacin lafiya batun allurarta.

Mata kuma su ke gaban kaskon suya, inda mai ke fallatsa. Maganin farko na ƙuna shi ne ruwa mai sanyi yana zuba a kai na kimanin minti 20. Ba ƙanƙara ba, ba manja ba, ba ɗanyen ƙwai ko man goge haƙori ba. Idan ta yi bororo kada a fasa. Ƙunar da ta shafi fuska, ko mai faɗi, ko ta ƙaramin yaro, a kai ta asibiti.

Abu Dawuda ya ruwaito daga Jabir labarin wani mutum da dutse ya fasa wa kai a wata tafiya, sannan wanka ya wajaba a kansa. Ya tambayi abokansa ko yana da sauƙi, suka ce ba su ga yana da shi ba. Ya yi wanka, ya rasu. Da labari ya isa ga Manzon Allah (SAW) ya yi fushi da su ƙwarai, ya ɗora musu alhakin abin da ya faru, ya nuna cewa da sun tambaya tun da ba su sani ba. Duk mai tsananta wa kansa ko wa wani a kan rauni ya tsaya ya dubi wannan.

Hukuncin kuwa ga shi. Wanda yake tsoron ruwa zai ƙara masa ciwo ko ya jinkirta warkewa, ya shafi raunin da jiƙaƙƙen hannu sau ɗaya. Idan hakan ma zai cutar, ya shafa a kan filasta ko bandeji, ya wanke sauran gaɓar kamar kullum. Ba sharaɗi ba ne a ce an ɗaura shi ana da alwala, kuma ba shi da adadin kwanaki, sai ranar da aka warke. Haka yake a wankan janaba. Idan an kwance don sa magani, a mayar a shafa nan da nan. Idan ya faɗi ana cikin salla, a yanke ta, a mayar da shi, a shafa, a sake. Sallar da aka yi da shafa cikakkiya ce, ba a rama ta. Idan ana tsoron halaka ko cuta mai tsanani, shafar ta zama wajibi, wankewar kuma ta zama laifi. Haka hukuncin yake ga wanda ya yi targaɗe aka naɗe masa ƙafa, ko wanda aka yi wa ɗori.

Haɓo da faso

Iskar hunturu tana busar da cikin hanci har ƙananan jijiyoyinsa su fashe, zafin bazara ma yakan jawo haka. Al'adarmu ita ce a ce wa yaro ya ɗaga kai sama, alhali hakan jinin yake turawa maƙogwaro. Daidai shi ne ya zauna ya ɗan sunkuya gaba, ya matse tattausan ɓangaren hancinsa na minti 10 zuwa 15, yana numfashi ta baki. Idan ya ƙi tsayawa bayan an maimaita, ko ya biyo bayan buguwa a kai, ko mai shi yana da hawan jini, a nemi likita.

Fitar jini ba ta karya alwala a wajen Malikawa, ko na haɓo ne ko na rauni. Hanafawa sun saɓa a nan, don haka kada a yi mamakin ganin wani ya sake tasa. Jinin da bai kai faɗin dirhami ba an yi rangwame a kansa a jiki da tufa, kuma malamai suna kwatanta dirhamin da baƙin tabon nan da ke cikin ƙafar gaba ta alfadari. Wanda haɓo ya kama yana salla, idan ɗan tsattsafi ne sai ya murje shi da kan yatsunsa ya ci gaba. Idan zuba yake, yana iya yanke sallar ya wanke ya sake. Mai bin jam'i kuma yana iya fita riƙe da hancinsa ya wanke a wuri mafi kusa, ba tare da ya yi magana ko ya taka najasa ba, ya dawo ya ɗora daga inda ya tsaya. Wanda jinin ya ƙi tsaya masa, har ya ga lokaci zai fita, ya yi sallarsa a haka.

Mai faso ya shafa man kaɗe ko basilin abinsa. Maiƙon da ya shige fata ba ya hana alwala, wanda aka lafta ya yi kauri ne ake gogewa kafin a zuba ruwa. Lallen Sallah ma launinsa ba ya hana ruwa isa fata, amma jan farce da farcen kanti suna hanawa, sai an cire su. Baƙin lallen da ake haɗawa da rini kuwa yakan ƙona fatar wasu, musamman yara.

Nama da ciki

A gidajen da wutar lantarki ba ta tsayawa, naman layya yana tsere ne da zafi. Iyayenmu sun san haka, shi ya sa suke fara gamawa da kayan ciki a ranar farko, domin su suka fi saurin lalacewa, sannan su soya sauran ya bushe ƙayau, ko su ƙyafe shi, ko su shanya a igiya inda iska ke kaɗawa. Dafaffen abinci mai romo bai kamata ya wuce awa biyu a ajiye cikin zafi ba, idan kuma za a ɗumama, ya tafasa sosai. Wuƙa da farantin da suka taɓa ɗanyen nama kada su taɓa dafaffe sai an wanke su da sabulu, haka hannuwa.

Duk da haka ciki yakan ɓaci, musamman na yaran da ake ba nama gida-gida. Haɗarin gudawa shi ne ƙarewar ruwan jiki. A ba da ruwan gishiri da sukari na ƙunshi wanda ake sayarwa a kemis. Idan babu, a samu lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a zuba sukari ƙaramin cokali shida a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali. Yaro ya ci gaba da shan nono da cin abinci, a kuma nemo masa ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14. Kada a ɗura masa kafso ba da umarnin ma'aikacin lafiya ba. Jini a bayan gida, da zurmawar ido, da kasa shan ruwa, da yawan barcin da ba a saba gani ba, alamu ne na a tafi asibiti ba tare da jira ba. Dattawa masu hawan jini ko ciwon sukari kuma a tabbata maganinsu ya shiga jaka kafin sabuwar shadda.

Mai ciwon ciki da tashi zuwa alwala ke wahalar da shi yana da sauƙi a Risala: ya jinkirta Azahar zuwa ƙarshen zaɓaɓɓen lokacinta, ya idar ya kawo La'asar a farkon nata, haka Magariba da Isha'i. Wanda jiri ya hana shi tsayuwa ya zauna. Imamul Buhari ya ruwaito cewa Imrana ɗan Husaini yana fama da basir, ya tambayi yadda zai yi salla, aka umarce shi da tsayuwa idan zai iya, in ba haka ba zama, in ba haka ba kwanciya a gefe.

Yawon Sallah

Bayan nama sai fita. A Kano akwai Hawan Daushe da Hawan Nasarawa, a Zazzau da Katsina akwai Hawan Bariki, a Daura akwai Hawan Magajiya. A Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Kano cikin jerin al'adun gado na duniya. Wasu gidan zu suke kai yara, wasu su hau Dutsen Dala, wasu su nufi madatsar ruwa irin ta Tiga, masu hali su kai har Yankari.

Abin da ke ɓata irin wannan fita sananne ne: yaro ya ɓace a cunkoso, sabon takalmi ya yi masa bororo, rana ta galabaitar da shi, ko ya matsa kusa da doki ana sukuwa, ko ya shiga ruwa bai iya iyo ba. Sau da yawa kuma za a tarar an danƙa ƙanana huɗu a hannun 'yar shekara goma. Manzon Allah (SAW) ya kwatanta kowane mai iyali da makiyayi wanda za a tambaya game da abin kiwonsa, ranar Sallah kuma ba ta fita daga wannan ba. Babba ya raka su. A rubuta lambar wayar uba ko uwa a takarda a sa wa kowane yaro a aljihu, a nuna musu wurin da za a haɗu idan an rabu, a riƙe ruwan sha. A bakin ruwa kuwa ido ba ya barin yaro ko na ƙiftawa.

Fitar cikin gari ba tafiya ba ce, ba ta da kasaru, ba ta da haɗi. Hawan Daushe da yamma ake yin sa, kuma La'asar ɗin mutane da yawa takan salwanta a wajen kallo. Wanda zai je ya tsara inda zai yi ta kafin ya kutsa cikin taro.

Yatsan yayana ya ɗauki kusan mako biyu ana wanke shi kafin ya haɗe, kuma a kwanakin nan duka da shafa ya yi sallolinsa, wadda da ya fara da ita tun ranar farko da bai je asibiti ba. Ɗan ƙanwarmu kuma, a hanyarmu ta dawowa, shi ya fara tambayar inda za mu tsaya mu haɗa. Ban ga laifinsu fiye da nawa ba, domin na san hukuncin amma ban taɓa zaunar da iyalina na karanta musu shi ba sai da abin ya faru.

Kafin tafiya ta gaba, maigida ya ware rabin awa ya tara iyalinsa, mata da yara har da direba, a bi waɗannan babuka. Abin da ya shige duhu a kai wa malamin unguwa, na jiki kuma a kai wa ma'aikacin lafiya, tun da matambayi ba ya ɓata. A jakar hannu a sa buta da sallaya, da bandeji da filasta, da ƙunshin gishiri da sukari, da tufafin canji.

Allah Ya kai matafiyanmu lafiya Ya dawo da su lafiya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya karɓi ibadunmu. Allah ne Mafi sani.